KAREN JAGORA: YADDA A KE HORAR DA SHI, DA ABIN DA MASU KARNUKA ZA SU KOYA

Wata rana muna cikin aji tare da ɗalibanmu na Makarantar Horon Malamai, muna darasin hanyoyin koyarwa, sai muka jefa musu wata tambaya. Muka ce, "Wane ne a cikinku zai yarda a ɗaure masa idanu da ƙyalle, a haɗa shi da kare, karen ya ƙetare babban titi da shi sa'ad da motoci su ke kai da kawowa?" Aji ya ɓarke da dariya. Wani saurayi daga kujerun baya, ɗan wani mafarauci, ya miƙe ya ce, "Gafarta malam, ai ko Duna karen babanmu, wanda ba zomon da ke tsere masa, ba zan yarda ya kai ni bakin rijiya ba." Muka ce masa ya yi gaskiya, amma ya zauna ya ji labari.

Labarin da muka ba su ran nan shi mu ke so mu maimaita wa masu karatu. Dalili kuwa, mun lura da yawa cikin malamai da ma'aikata suna ajiye kare don gadin gida, amma kaɗan ne suka san yadda za su bi da shi. Yawanci abin da kare ya ke samu wurinmu shi ne sarƙa da rana, da ƙanzo da dare, da jifa ko da yaushe. Ran da ya tsinke ya ciji ɗan maƙwabci, a kwashi rigima har gaban alƙali, sa'an nan a ce ai kare mugun dabba ne. Ba mai tambaya ko wa ya mai da shi haka.

Horon kare ba baƙon abu ba ne gare mu. A cikin Suratul Ma'ida an halatta wa mafarauci cin abin da horarren karensa ya kamo masa, muddin ya ambaci sunan Allah. Malaman fiƙihu suka bayyana horarre da cewa shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Abin da karen banza ya kashe kuwa mushe ne. Ga su duk karnuka, haƙora iri ɗaya, amma ilmi ya raba su. To, bari mu duba iyakar inda ilmin nan ya kai kare a waɗansu ƙasashe.

ASALIN AL'AMARIN

A Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka yi daga 1914 zuwa 1918, sojojin Jamus masu yawa suka komo gida ba idanu, waɗansu saboda hayaƙi mai guba, waɗansu saboda raunin harsashi. Akwai wani mutum, sunansa Stalling. Ana ba da labari cewa wata rana yana zagawa da wani soja makaho a farfajiyar asibiti sai aka kira shi, ya bar karensa tare da mutumin. Ko da ya komo sai ya ga karen yana kula da sojan nan kamar ya san lalurarsa. Stalling ya yi ta tunanin abin, har a watan Agusta na 1916 ya buɗe makarantar horar da karnukan jagora a garin Oldenburg. A 1923 aka buɗe wata a Potsdam, kusa da birnin Balin, wadda ta yi suna ƙwarai.

Wata Ba'amurkiya mai hali, Dorothy Eustis, tana zaune a lokacin a ƙasar Suwizalan, kusa da garin Vevey, tana kiwon irin karnukan makiyayan Jamus, waɗanda mu a nan muka fi sani da Alseshan, tana horar da su don aikin 'yan sanda da na soja. Ta ziyarci makarantar Potsdam, abin da ta gani ya ba ta mamaki, ta rubuta labarinsa. Wata jaridar Amurka mai suna Saturday Evening Post ta buga shi ran 5 ga Nuwamba, 1927.

A birnin Nashville na Amurka kuwa akwai wani saurayi, Morris Frank, wanda aka haifa a 1908. Idonsa guda ya mutu yana da shekara 6, sa'ad da reshen itace ya buge shi yana bisa doki, ɗayan kuma ya mutu yana da shekara 16 a wurin wasan dambe. Duk inda za shi sai an yi masa hayar yaron da zai ja shi, yaran kuwa wata rana su zo, wata rana su ƙi. Aka karanta masa labarin nan. Nan da nan ya sa aka rubuta wa matar takarda, ya roƙe ta ta taimake shi ya sami irin karen, ya kuwa yi alkawari in ya dace zai komo ya taimaki 'yan'uwansa makafi.

A 1928 ya shiga jirgin ruwa ya tafi Suwizalan. Aka haɗa shi da wata karya, ya sa mata suna Buddy, watau Aboki. Mai horar da su, Jack Humphrey, bai sassauta masa ba ko kaɗan. Ya ce shi da kansa zai riƙa ba ta abinci, ya share mata jiki, ya yabe ta duk sa'ad da ta yi daidai, in kuwa ya ƙi bin alamar da ta ba shi ya yi karo da gini, to, ruwansa. Da farko karyar tana aikin ne don mai horar da ita, zuciyarta ba ta wurin Frank. Sai da aka yi makonni suna tare dare da rana sa'an nan ta sallama masa.

A watan Yuni na shekarar suka sauka a birnin Niyu Yok. 'Yan jarida suka tare shi, suka ce in gaskiya ne abin da a ke faɗa, to, ya ƙetare titin nan na bakin tashar jiragen ruwa da a ke kira West Street, inda manyan motocin kaya su ke rugugi ba tsayawa. Frank ya ce wa Buddy su tafi. Ta shiga da shi, ta tsaya, ta ja da baya, ta sāke yin gaba, har ta fid da shi ɗaya gefen lafiya lau. Ya buga wa Dorothy Eustis waya mai kalma ɗaya tak, ma'anarta "Nasara". Ran 29 ga Janairu, 1929, suka kafa makarantar da a ke kira The Seeing Eye, watau Ido Mai Gani, a Nashville, daga baya aka mai da ita jihar Niyu Jasi. A Ingila waɗansu mata biyu, Muriel Crooke da Rosamund Bond, suka fara irin aikin a garin Wallasey a 1931 da karnuka 4. A Afirka ta Kudu kuma wata makauniya, Gladys Evans, ta kafa ƙungiyarsu a 1953.

YADDA A KE HORON

Abin da zai fi amfanar mai karatu shi ne ya san tsarin horon, don kome daki-daki ne, ba a tsallake mataki.

Ɗan kwikwiyo in ya kai mako 7 ko 8 da haihuwa a kan raba shi da uwarsa a kai shi gidan waɗansu mutane su riƙe shi, shekara guda da 'yan watanni. Ba a koya masa jagora a wannan lokaci. Abin da a ke so shi ne ya saba da duniya: a shiga kasuwa da shi, a hau mota da shi, ya ji kukan jirgi, ya ga yara suna guje-guje, ya koyi zama da kwanciya da zuwa in an kira shi. Wannan yana da tushe. Waɗansu masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun shekara da shekaru suna binciken 'yan kwiyakwiyai a Bar Harbor ta Amurka, suka buga sakamakon a 1965. Sun gano cewa daga mako na 3 zuwa wajen na 12 shi ne lokacin da kwikwiyo ya ke ɗaukar sabo. Wanda ya wuce wannan lokaci a kulle bai cuɗanya da mutane ba, da wuya ya rabu da tsoronsu har tsufansa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Daga nan sai a komo da shi makaranta a danƙa shi ga malaminsa, su yi kamar wata 4. A kan ɗaura masa wata ɗamara ta fata a ƙirji da kafaɗu, mai dogon mariƙi mai ƙarfi, wanda mutum zai riƙe da hannun hagu. Ta mariƙin nan ne kowane motsi na karen ya ke isa hannun mai bin sa. A koya masa tafiya miƙe, gefen hagu, yana ɗan gaba da mutum. A koya masa "gaba" da "dama" da "hagu". A koya masa tsayawa cik a bakin kowane titi da kowace matakala, har sai mutum ya laluba da ƙafa ya ji. Mafi wuya, a koya masa ya riƙa auna faɗin mutum da tsawonsa, ba nasa kaɗai ba. Rumfar da kare zai wuce ƙarƙashinta sumul, ita ce za ta fasa wa mutum goshi. In karen ya bi da malaminsa ta ƙarƙashin irin wannan, malamin ya kan bugi abin da hannu ya yi ƙara kamar ya ji ciwo, su koma baya, su sāke, in karen ya kewaye sai ya sha yabo. A ƙarshe a ɗaure wa malamin idanu, karen ya zaga gari da shi. Ba kowane kare ke cin wannan jarrabawa ba. Mai tsoro, da mai bin kyanwa, da mai rashin lafiya, a kan sallame su a ba waɗansu su riƙe a gida.

Sa'an nan makahon ya zo makarantar ya zauna mako 3 ko 4. Ba a ba shi kare don ya ce wannan ya ke so. Malamai su kan duba saurin tafiyarsa, da ƙarfin hannunsa, da halinsa, da irin garin da ya ke zaune, su zaɓa masa wanda ya dace da shi. Tun daga ran nan shi ke ciyar da karen, shi ke share shi, kusa da gadonsa ya ke kwana. Su kan yi aiki tare kimanin shekara 7 ko 8 kafin karen ya huta.

RAN DA KARE YA KE ƘIN BIN UMURNI

Mutane da yawa suna tsammani karen ne ya san hanya, ko kuwa shi ke duban fitilar titi ya ce a wuce. Ba haka ba ne. Mutum shi ya san inda za shi, shi ke kasa kunne ya ji motsin motoci, in ya ga kamar hanya ta buɗe ya ce "gaba". Amma kunne yana kuskure. In ya ce "gaba" alhali ga mota tafe, aikin karen ne ya ƙi. Ya kafe, ko ya ja da baya, kome tsawar da ubangidansa zai yi masa. Ana koya masa wannan da gangan: wani malami ya tuƙo mota ya nufo su, wanda ke riƙe da karen ya ba da umurni, a nuna wa karen tsayawa ita ce daidai, a yi ta maimaitawa har abin ya zauna masa.

Morris Frank ya ba da labarin wata rana a wani masauki, ya zo zai shiga lif, watau akwatin nan da ke hawa da mutane bene. Ya ji ƙofa ta buɗe, ya ce "gaba". Buddy ta ƙi. Ya sāke faɗa da fushi, ta ƙi. Ya saki mariƙi zai taka da kansa, sai ta gitta jikinta a ƙafafunsa. Ashe ƙofar ce ta buɗe, akwatin bai iso ba, rami ne kawai a gabansa.

To, jama'a, a nan maganarmu ta ke. A ce karyar nan da sanda aka raine ta, ta saba duk ran da ta ƙi bin magana sai ta sha duka. Da ya daka mata tsawa ta biyu, me za ta yi? Lalle sai ta bi, ko ta tsere ta bar shi. Tsoro yana sa dabba ta bi umurni, amma ba ya sa ta tsaya ta duba ko umurnin zai halaka mai ba da shi. Wannan sai wadda ta amince da ubangidanta, ta san in ta yi daidai zai gane, kuma lafiyarsa ta dame ta. Buddy ta mutu a 1938. Frank ya rayu har 1980, duk karen da ya riƙe bayanta kuwa sunan nan ya sa masa.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Kada a ɗauka makarantun nan ba su tsawatawa. Tun farko suna da kalmar tsawa, suna kuma fizgar igiya in kare ya yi kuskure. Amma ƙa'idarsu ita ce kuskure a gyara shi nan take, a sāke aikin, a rufe da yabo. Da zamani ya yi nisa, da yawa cikinsu suka ƙara karkata ga ba da lada, har da 'yar lomar abinci.

Kowane ɗalibin Makarantar Horon Malamai ya ji sunan Edward Thorndike, wanda a 1898 ya riƙa sa kyanwoyi cikin akwati yana duban yadda su ke koyon buɗe ƙofa. Shi ya nuna cewa aikin da alheri ya biyo bayansa dabba ta kan maimaita shi. Bayan shekara 30 da wani abu ya gyara maganarsa da kansa, ya ce lada ya fi ƙarfi wajen dasa hali bisa ga yadda azaba ta ke wajen tumɓuke shi.

A 2020 waɗansu masana a birnin Porto na ƙasar Fotugal suka gwada karnuka 92 daga makarantun horo 7. Waɗanda a ke horarwa da fizga da tsawa aka same su suna yawan maƙurewa da lasar leɓe, sinadarin kotizol kuwa, wanda jiki ke fitarwa in yana cikin wahala, ya ƙaru cikin miyaunsu bayan darasi. Waɗanda a ke horarwa da lada ba a ga haka gare su ba.

A 2015 kuma masana a Jami'ar Azabu ta Japan suka buga wani bincike mai ban sha'awa. Akwai wani sinadari, oksitosin, wanda ke ƙaruwa jikin uwa sa'ad da ta ke duban jaririnta. Suka tarar in kare da ubangidansa suka daɗe suna duban juna, sinadarin nan yana ƙaruwa jikin su duka biyu. Suka gwada da kyarketai waɗanda mutane suka raina tun suna ƙanana, ba su ga haka ba. Ashe shaƙuwar nan da mafarauci ya ke ji tsakaninsa da karensa tana da gurbi har cikin jini.

SHAWARA GA MAI KARE

Ba kowa ke bukatar karen jagora ba, amma ƙa'idodin ɗaya ne, ko karen gadi ne, ko na farauta, ko na kiwo. Ga su a taƙaice.

Na farko, a fara da wuri. Ka karɓi kwikwiyo yana da kamar mako 8, ka bar shi ya ga yaran gida, da awaki, da kaji, da mai keke, da mai tallan nono. Waɗansu suna cewa in ana son kare ya yi zafi sai a kulle shi cikin duhu kada ya ga kowa. Wannan kuskure ne babba. Karen da bai san baƙon kirki ba, ba shi da abin da zai auna ɓarawo da shi, kowa ya gani abokin gāba ne, har surukinka.

Na biyu, suna ɗaya, kalma ɗaya. In "zo" ce, to, kowa a gidan ya ce "zo". Kada kai ka ce "zo", uwargida ta ce "taho", yara su yi fito. "Zo" da "zauna" da "tsaya" da "bari" sun ishi karen gida.

Na uku, lada nan take. Kare ba ya haɗa abin da ya yi ɗazu da abin da ya same shi yanzu, sakan ɗaya ko biyu ne tsakani. In kana so ya koyi zama, riƙe ɗan guntun nama bisa hancinsa, ka ja shi sannu zuwa bayan kansa. Zai ɗaga kai, gindinsa ya sauka ƙasa. Da ya taɓa ƙasa ka ce "zauna", ka ba shi, ka yabe shi. In abin ya zauna sai ka riƙa rage naman, wata sa'a ka ba shi, wata sa'a yabo kaɗai.

Na huɗu, kada ka kira kare don ka doke shi. In ka yi haka sau biyu ka koya masa cewa "zo" masifa ce, ran da ka ke bukatar ya komo ba zai komo ba. Haka kuma in ka taso daga ofis ka tarar ya tauna takalminka tun da hantsi, duka ba shi da amfani. Za ka ce ai ya san laifinsa, ga shi yana sunkuyar da kai. Wata masaniya a Niyu Yok, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a 2009, ta tarar karnuka suna yin fuskar nan in an yi musu faɗa, ko sun yi laifin ko ba su yi ba. Fushinka ya gani, ba takalmi ya tuna ba. Ka ɗauke takalmin, ka ba shi abin da zai tauna.

Na biyar, darasi ya zama gajere. Minti 5 ko 10 da safe, haka da yamma, kullum, ya fi awa guda ran Lahadi. Ka tashi darasi bisa abin da ya iya, don gobe ya zo da marmari. Sannu ba ta hana zuwa.

Na shida, ka ba shi hakkinsa. Ruwa mai kyau, da inuwa, da abinci isasshe daga hannunka, da ɗan yawo tare da kai kowace rana. Ba sai ya shiga ɗakinka ko ya hau tabarmarka ba. Karen makiyayi a waje ya ke kwana, amma ba wanda zai raba shi da ubangidansa, don tare su ke yini. Ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare yana da wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya ce. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana jikin mutum kusan ba mai tashi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti ran nan, kada ya tsaya jiran gobe. Malaman makaranta kuma su riƙa gaya wa yara su bar jifan kare, kada su taɓa shi yana cin abinci, kada kuma su kusanci karya mai jego.

MU DA MAKAFINMU

Wani zai ce, to, me ya hana a kawo irin karnukan nan a raba wa makafinmu? Ba mu ce a yi haka gobe ba. Horar da guda ɗaya yana cin kuɗi mai yawa da kusan shekara 2, titunanmu da yawa ba su da gefen masu tafiya da ƙafa, ga karnukan banza, ga shi kuma mutane da yawa ba za su so kare ya bi su zaure ko masallaci ba. Amma labarin Morris Frank ya tuna mana abu guda. Duk makahon da muka gani a kasuwa da ɗan jagora a gaba, yaron nan ɗalibi ne da babu sunansa cikin rajistar kowane malami. Ko da kare, ko da koyar da tafiya da farar sanda, ya kamata mu nemi hanyar da babba zai yi tafiyarsa, yaro kuma ya tafi aji.

Da muka gama ba da labarin nan a aji, sai muka waiwayi ɗan mafaraucin nan, muka tambaye shi sau nawa ya taɓa ganin babansa ya doki Duna. Ya yi shiru yana tunani, can ya ce bai taɓa gani ba. Ya ce tun Duna yana kwikwiyo baban ke tafiya da shi gona, in an kama zomo kuwa tun a dajin a ke farke shi a ba Duna kayan ciki, baban yana yi masa kirari. Ya ce akwai ran da baban ya tura shi cikin wani kurmi ya ƙi shiga, ya tsaya yana gurnani, baban bai matsa masa ba, suka kewaye. Muka ce masa, "To, ka gani. Abin da Turawa suka gina makaranta dominsa, ga shi a gidanku." Ya yi dariya ya ce, "Ashe baba malami ne bai sani ba."

Muka ce da shi da sauran 'yan ajin su riƙe wannan sa'ad da suka fita koyarwa. Yaron da aka koya wa karatu da bulala zai haddace, zai kuma ce "to" ga duk abin da aka faɗa masa. In ya girma ya zama akawu, ran da aka miƙo masa takardar da bai kamata ya sa hannu ba, zai sa. Mu kuwa abin da mu ke nema, a gida da makaranta da ofis, shi ne wanda zai bi mu da zuciya ɗaya, ran da muka nufi rami kuma ya gitta a gabanmu ya ƙi. Allah ya ba mu haƙurin rainon irinsa, amin.